Yadda Ake Ba Shanun Tatsa Zogale, Hulba da Sauran Tsirrai Don Ƙarin Madara

Duk litar madarar da ta sauko cikin bokiti daga jini hantsa ta tato ta, kuma kafin a samu lita ɗaya sai jini wajen lita 400 zuwa 500 ya ratsa hantsar. Jinin kuwa abin da ya ɗauko daga tumbi shi yake kai mata. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tsirran da ake ba shanu don ƙarin nono kala uku ne a aikace: akwai wanda shi kansa abinci ne mai gina jiki, irin ganyen zogale, akwai wanda ke buɗe wa saniya ci ya gyara narkewar abinci a tumbi, akwai kuma wanda ke taɓa sinadaran jiki masu umartar hantsa ta yi aiki. Dukansu ƙari suke yi a kan abin da suka tarar. Saniyar da ba ta ƙoshi ba, ko ba ta sha ta kashe ƙishi ba, ko tana fama da ciwo, ba hulbar da za ta cika mata hantsa.

Abin da za a gyara kafin a auna ko giram ɗaya

Ruwa ne farko. Kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne. Saniya mai ba da lita 15 a rana tana iya shan lita 70 zuwa 80, in zafi ya tsananta ta wuce 100. Lokacin da ta fi jin ƙishi shi ne da zarar an gama tatsa, don haka ta tarar da ruwa mai tsabta yana jiranta. Garke da yawa da ake nema wa magani, ruwa sau ɗaya a rana ne kawai matsalarsu.

Sai abinci. Saniyar tatsa tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta kullum. Mai kilo 400 ke nan tana bukatar kilo 12, kuma da yake ɗanyar ciyawa kashi uku cikin huɗu ko fiye ruwa ce, in ita kaɗai za ta ci sai ta samu kilo 50 zuwa sama. A kan wannan ake ɗora haɗin dusa da ƙuli, kilo ɗaya ga kowace lita 2 zuwa 2 da rabi da ta bayar sama da abin da ciyawa za ta iya ɗauka. Gishirin lasa mai ma'adinai kada ya yanke, domin kowace litar madara tana fita da kalsiyam kimanin giram 1.2 daga jikinta.

Lafiya kuma a duba ta da hannu, ba da ido daga nesa ba. Zafin jikin saniya mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.3. A tatsa madarar farko ta kowane kan nono a kan baƙin faranti, a duba guda-guda, tsinkewa ko jini. A taɓa hantsa a ji ko wani ɓangare ya yi zafi ko tauri. Ciwon hantsa yakan ɓuya ba tare da kumburi ba yana cin madara a hankali, shi ya sa ake da gwajin da ake haɗa madara da wani ruwa a faranti mai gida huɗu, in ta yi yauƙi an san akwai ciwo. Tsutsar ciki, tsutsar hanta, kaska, sammore da ɗingishi duk suna rage nono. Ka riƙe wannan: madarar da ta faɗi farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu ciwo take nunawa, aikin likitan dabbobi ne, ba na ganye ba.

Kowace saniya kuma tana da iyakar jininta. Wadda asalinta mai lita 3 ce, kyakkyawan kiwo zai iya kai ta 4 ko 5, amma ba zai mai da ita mai 15 ba.

Lokacin farawa da sanin nauyi

Nono yana hawa daga haihuwa har ya kai ƙololuwa wajen mako na 6 zuwa na 8, daga nan ya riƙa sauka kimanin kashi 8 zuwa 10 cikin 100 kowane wata har a yaye tatsa. Yadda ƙololuwar ta yi tsawo haka sauran watannin za su bi ta, saboda haka kuɗin da aka kashe a kan tsirrai a wata uku na farko ya fi dawowa. Mu kan fara daga mako na biyu bayan haihuwa, bayan dakashi ya wuce, mahaifa ta wanke, saniya ta koma cin abinci sosai.

Awon tsirrai da nauyin saniya yake tafiya, kuma ido yana ruɗi. In babu sikelin shanu, ɗauki tef. Auna zagayen ƙirji daidai bayan ƙafafun gaba, sannan tsawon jiki daga kan kafaɗa zuwa ƙashin da ke gefen gindin wutsiya, duk a santimita. Ninka zagayen ƙirji da kansa, ninka da tsawo, raba da 10,840. Misali ƙirji 170, tsawo 140, zai ba ka kilo 373 ko kusa. Awon da za a ambata a ƙasa na saniya ce mai kilo 350 zuwa 450. Ka kuma nemi ƙaramin sikeli mai auna giram. Cikin tafin hannu ba awo ba ne. Tafin wani ya ninka na wani.

Zogale

In za ka zaɓi ɗaya tak, wannan muke ba da shawara, musamman inda ciyawar ta bushe ta rasa ƙarfi. Busasshen ganyen zogale yana da furotin kashi 25 zuwa 30 cikin 100, ga kalsiyam, kuma yana narkewa da sauƙi. Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi suna bukatar furotin kafin su iya narkar da busasshiyar ciyawa. Idan suka samu, ciyawar ta fi saurin wucewa, saniya ta ƙara ci. A nan ƙarin madarar yake fitowa. Wani gwaji da aka yi a Nikaraguwa, aka buga a 2006, ya nuna haka sarai: shanun da ke cin ingirici mara ƙarfi suna ba da kilo 3.1 na madara a rana, da aka ƙara musu kilo 2 na zogale a awon busasshe sai suka kai kilo 4.9, da kilo 3 kuma 5.1. Lura da tazarar da ke tsakanin kilo 2 da kilo 3, kusan babu. Wuce kilo 2 asarar ganye ce a mafi yawan lokuta.

Ɗanyen zogale kashi huɗu cikin biyar ruwa ne, don haka kilo 2 busasshe daidai yake da ɗanye kilo 10 ko ɗan fiye. Kada a fara da wannan yawan. Ranar farko zuwa ta uku a ba da ɗanye kilo 1 zuwa 2, ko busasshe giram 250 zuwa 400. A riƙa ƙarawa duk bayan kwana uku har a kai cikakken awo cikin kwana 10 zuwa 14. Tumbi ba ya son sauyin gaggawa, mazauna cikinsa sai sun ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin su saba da sabon abinci. Ɗanyen a bar shi ya yi yaushi na 'yan sa'o'i, a sara shi da ƙananan rassansa masu laushi, kuma a ba da shi bayan saniya ta ci ciyawa, ba a kan cikin yunwa ba.

Shanya a inuwa ake yi, inda iska ke kaɗawa, a baje shi siriri ana juyawa, kwana uku zuwa huɗu har ya riƙa karyewa a hannu yana nan da korensa. Rana kai tsaye tana ƙona masa bitamin, tarawa da kauri kuma yana sa ya yi zafi ya baƙe. Ɗanyen zogale mai yawa yakan bar ƙanshin ciyawa a madara; maganinsa a ba da shi bayan tatsa, ko a koma busasshe. Ganye da rassa masu taushi kawai ake bayarwa. Saiwa da ɓawon zogale suna da sinadarai masu cutarwa, suna iya jawo ɓari, kada su shiga komin saniya ko kaɗan. Wanda ya shuka shi don kiwo yana iya yanka duk bayan kwana 45 zuwa 75, ya bar kututture ya sake tohowa.

Hulba

Hulba ba a ba da ita don ta cika ciki, kaɗan ake sawa. 'Ya'yanta suna da sinadarai masu kumfa da ake kira safonin, waɗanda ke rage wasu ƙwayoyin tumbi masu cinye 'yan'uwansu masu amfani, ga kuma tasirinta a kan sinadaran jiki. A wani gwaji a Saudiyya da aka buga a 2005, awakin da aka ba giram 60 na hulba kullum sun ƙara madara da kimanin kashi 13 cikin 100, sinadarin girma kuma ya ƙaru a jininsu. A shanu sakamakon yana bambanta daga garke zuwa garke: wasu su ƙara sosai, wasu ɗan kaɗan, wasu ko motsi. Wannan ne dalilin da ya sa gwajin da za a bayyana nan gaba ya zama dole.

'Ya'yan hulba suna da tauri. In aka zuba su haka nan, da yawa za ka gan su a kashi yadda suka shiga. Ko dai a ɓarza su a turmi, ba sai sun zama gari ba, ko a jiƙa su sa'a 8 zuwa 12 a ruwa mai tsabta, mudu ɗaya na hulba ruwa uku a kwatance. Za su kumbura su yi yauƙi, a zuba su da ruwan jiƙon duka cikin dusa. Jiƙon yau na yau ne. Abin da ya kwana biyu ya yi tsami a zubar.

Awo: giram 25 a rana na kwana uku, giram 50 na kwana huɗu, sannan 75, iyaka 100, a raba biyu safe da yamma. In saniya ta amsa a giram 50, a tsaya nan. Hulba tana da ɗaci, kuma tana da wani ƙamshi mai naci da ke bin gumi, fitsari da madara. Mai sayen madara zai ji shi tun kafin kai da ka saba ka ji. A ba da ita da zarar an gama tatsa, yadda za a samu sa'o'i masu yawa kafin tatsa ta gaba. In har ƙamshin ya fito, a rage rabi.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne ciki. An san hulba da motsa mahaifa, ita kuwa saniyar tatsa akan yi mata barbara wajen kwana 60 zuwa 90 bayan haihuwa, wato mafi yawan watannin tatsarta da ciki take yin su. Lokacin hulba ke nan gajere ne: daga mako na biyu zuwa ranar barbara. Bayan nan a janye ta a bar zogale ya ci gaba. Rabin lita a rana bai kai maraƙi ba.

Shatabari, habbatussauda da shammar

Shatabari saiwar wani tsiro ce da masana ke kira Asparagus racemosus, an daɗe ana ba shanu da ɓauna ita a Indiya, kuma a can aka fi gwada ta. Awon da aka yi aiki da shi a gwaje-gwajen shi ne miligiram 100 zuwa 200 ga kowane kilo na nauyin saniya, wato giram 40 zuwa 80 ga mai kilo 400. Giram 50 a rana shi ne tsaka-tsaki. Matsalarta ita ce a gari take zuwa, gari kuwa ba a gane algus a cikinsa da ido. A saya daga inda aka rubuta sunan tsiron, ranar haɗawa da ranar lalacewa.

Habbatussauda giram 30 zuwa 40 ya isa, a daka na kwana biyu ko uku kawai domin man da ke cikinta yana saurin yin ɗoyi bayan daka. Tunkuzar da ta saura bayan an matse man ita ma abinci ce mai furotin, ana iya sa kaɗan cikin haɗin dusa. Shammar aikinta ya fi karkata ga buɗe ci, giram 30 zuwa 50, kuma shanu suna son ƙamshinta, don haka takan taimaka wajen ɓoye ɗacin hulba.

Tafarnuwa da albasa kuwa a bar su. Warinsu yana shiga madara cikin sa'o'i kaɗan, kuma in suka yi yawa suna fasa jajayen ƙwayoyin jini. Shanu na cikin dabbobin da abin ya fi kamawa. Alamarsa fitsari ja ko baƙi-baƙi, dasashi fari, da kasala.

Yadda ake haɗawa a bayar

A auna rabon kowace saniya daban, a cuɗa shi da rabin kilo zuwa kilo ɗaya na dusa da aka ɗan yayyafa wa ruwa don kada garin ya tashi ya shiga hanci ko ya zauna a ƙasan komi. In ta ƙi ci, a sa molas cokali biyu ko uku, wato baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari. Kowace ta ci nata a turkenta. In aka zuba a komi ɗaya, mai ƙarfin garke za ta cinye rabon uku, ta yi zawo, sauran su tashi ba komai, kai kuma ka ce magani bai yi ba.

Kada a zuba tsirrai a ruwan sha. Ɗanɗanon zai sa ta rage sha, ka yi asarar madarar da ta fi wadda kake nema. Ɗura da kwalba ma ba ta da wuri a nan: ruwa kaɗan ya kauce ya shiga huhu sai ciwon huhu mai kisa, ga shi ba gaggawar da ta sa a yi kasadar.

Tsiro ɗaya ake farawa da shi. Wanda ya haɗa biyar rana ɗaya, in nono ya ƙaru bai san wanne ya yi aikin ba, in saniya ta rikice bai san wanne zai cire ba.

Yadda za ka san ko yana aiki

Gani ya kori ji. Kwana bakwai kafin a fara, a auna madarar kowace saniya safe da yamma a rubuta, da sikeli ko bokiti mai alamar lita. Lita ɗaya kilo 1.03 ce. A fitar da matsakaicin makon. Sannan a ware shanu biyu ko fiye da suka haihu kusan lokaci ɗaya, masu kusan yawan madara ɗaya, a ba wasu a hana wasu, komai nasu ya zama iri ɗaya: ciyawa, dusa, ruwa, mai tatsa da lokacin tatsa. A ci gaba da rubutu mako huɗu, makon farko ba a lissafa shi.

Dalilin ware wasu shi ne nono yana hawa da kansa a makonnin farko. Wanda ya fara hulba a mako na biyu zai ga ƙari ko da ƙasa ya zuba, sai ya yaba wa hulba. Haka wanda ya fara a wata na biyar zai ga kamar ba canji, alhali tsiron ya hana saukar da ya kamata a gani. Mai saniya ɗaya ya bayar mako uku, ya janye mako biyu, ya sake bayarwa, ya duba ko madarar tana bin sawun bayarwar. In maraƙi yana tsotsa, lokacinsa da rabonsa kada su canja. A ƙarshe a kwatanta kuɗin tsiron da kuɗin madarar da ta ƙaru. In bai biya kansa ba a daina.

Tatsar ita ma tana iya ɓata lissafi. Sinadarin da ke sakko da nono yana fita ne idan an wanke an shafa kan nono, ya kai hantsa cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, aikinsa kuma bai wuce minti 6 zuwa 8 ba. Duka, tsawa ko haushin kare suna sa saniya ta riƙe nono. Madarar da aka bari a hantsa kuma saƙo ce ga jiki cewa a rage yi.

Abin da kan lalace

Zawo a makon farko yawanci saurin ƙara awo ne. A koma awon baya kwana uku. Kumburin ciki ta gefen hagu, saniya ta daina tuƙa tana nishi, yakan biyo bayan ɗanyen ganye mai yawa a cikin yunwa ko ganye mai raɓa. Wannan na gaggawa ne: a janye abinci, a sa ta tsaya gabanta ya fi bayanta tudu, a kira likita nan take.

Akwai wanda ya fi ɓuya. Madara ta ƙaru, kowa yana murna, amma haƙarƙari da ƙugu suna fitowa. Saniyar tana narkar da kitsen jikinta ne tana zubawa a bokiti, domin an tura hantsa ba a ƙara abinci ba. Ƙarshensa ta ƙi dusa, numfashinta ya riƙa wari irin na ruwan goge farce, nono ya faɗi, ta kuma daɗe ba ta nemi barbara ba. Duk litar da ta ƙaru sai an biya ta da kusan rabin kilo na haɗin dusa, kuma kada dusar ta danne ciyawa, in ba haka ba tumbi ya yi tsami, maiƙon madara ya ragu.

Fumfuna ita ce haɗarin da ke wuce saniya ya kai ga mai sha. Ganye ko 'ya'yan da suka sha rima suna iya ɗaukar gubar aflatoksin, wadda ke bayyana a madara cikin kwana ɗaya bayan saniya ta ci, kuma tafasa ba ta kashe ta. Duk abin da ya dunƙule, ya canja launi ko yake warin rima a ƙone shi. A ajiye busassun tsirrai a mazubi mai murfi, sama da ƙasa, nesa da bango, kuma gari kada ya wuce wata uku.

Wajen yankan ganye a kula da abin da ke shiga cikin dami. Tumfafiya, zaƙami, 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu duk guba ne ga shanu. Haɗin da ake sayarwa a leda ko kwalba ba tare da an rubuta abin da ke ciki da awonsa ba, kada a ba saniyar da mutane ke shan nononta. Idan kuma tana kan maganin likita, a gaya masa tsiron da take ci, a kuma kiyaye kwanakin da ya ce a zubar da madara. Ganye ba ya rage su.

Janyewa

Saniya tana bukatar hutun tatsa na kimanin kwana 60 kafin haihuwa ta gaba, domin a lokacin ne hantsa ke sabunta naman da ke yin madara. Cikin saniya kwana 283 ne a matsakaici, don haka daga ranar barbara a ƙirga wata bakwai a sa alamar ranar daina tatsa. Mako biyu kafin ranar a fara rage shatabari, habbatussauda ko shammar, rabi a makon farko, a tsayar gaba ɗaya a na biyu, tare da rage dusa, yadda nono zai sauka da kansa. Hantsar da aka daina tatsa tana cike maƙil ita ce ke ɗiga, ƙofar kan nono ta zauna a buɗe, ƙwayoyin cuta su shiga. Zogale kaɗai ake iya bari a lokacin hutun, rabin kilo busasshe a rana in ciyawar ba ta da ƙarfi, a kuma janye shi a mako uku na ƙarshe kafin haihuwa, saboda yawan kalsiyam a wannan gaɓar yana sa jikin saniya ya yi sanyin jawo nasa daga ƙashi ranar da nono ya sauko, abin da ke kwantar da ita bayan haihuwa ta kasa tashi.